Jadawalin kwarara da kwanturola a tsarin sadarwa na SDN

Tsarin sadarwa mai aiki da manhaja, wanda aka fi sani da SDN daga taƙaitaccen sunansa na Turanci, hanya ce ta tafiyar da sadarwar kwamfutoci inda ake raba aikin yanke shawara da aikin tura bayanai. A tsohon tsari kowace na'urar rarraba bayanai, wato suwic ko rauta, ita ce ke lissafa wa kanta hanyar da saƙo zai bi, kuma ita ce ke tura shi. A tsarin SDN kuwa ana ɗauke lissafin daga cikin na'urorin a mayar da shi ga wata manhaja da ake kira kwanturola, wadda ke ganin hanyar sadarwar gaba ɗayanta. Kwanturola tana rubuta dokoki ta aika wa kowane suwic, shi kuma ya adana su a wani jeri da ake kira jadawalin kwarara, ya riƙa aiki da su. Kula da waɗannan jadawalai da kuma kwanturolar da ke cika su shi ne ginshiƙin aikin mai kula da irin wannan tsari, domin doka ɗaya da aka rubuta ba daidai ba tana iya yanke wa makaranta, asibiti ko banki sadarwa, ko ta buɗe bayanan sirri ga wanda bai kamata ya gan su ba.

Tarihi

Tunanin raba shawara da tura bayanai ya girmi sunan SDN. A farkon shekarun 2000 ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta yi aiki kan wani tsari mai suna ForCES wanda ke da wannan manufa. A shekarar 2007 Martin Casado, wanda a lokacin ɗalibin digirin digirgir ne a Jami'ar Stanford da ke Amurka, ya fito tare da abokan aikinsa da tsarin Ethane, inda kwamfuta ɗaya ke yanke hukunci kan wanda zai yi magana da wa a cikin hanyar sadarwar ma'aikata. Daga Ethane aka samo ƙa'idar OpenFlow, wadda Nick McKeown na Stanford, Scott Shenker na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da wasu masana suka gabatar a 2008. A wannan shekara ce kuma aka fitar da NOX, kwanturola ta farko da aka rubuta domin OpenFlow. Sunan SDN ya yaɗu ne bayan wata maƙala da 'yar jarida Kate Greene ta rubuta a mujallar MIT Technology Review a 2009.

A watan Maris na 2011 kamfanonin Deutsche Telekom, Facebook, Google, Microsoft, Verizon da Yahoo suka kafa gidauniyar ONF domin kula da ƙa'idar OpenFlow. A 2012 kamfanin VMware ya sayi Nicira, kamfanin da Casado, McKeown da Shenker suka kafa, a kan dala biliyan 1.26, abin da ya jawo hankalin manyan masu ƙera na'urorin sadarwa ga wannan fanni.

Ƙa'idar OpenFlow ta fito a zubi daban-daban:

• Zubi na 1.0, Disamba 2009: jadawali guda, da filaye 12 da ake iya dubawa a kan saƙo.
• Zubi na 1.1, 2011: an ƙara jadawalai masu yawa da jadawalin rukuni.
• Zubi na 1.2, ƙarshen 2011: an ƙara adireshin IPv6 da tsarin raba matsayi tsakanin kwanturoloci.
• Zubi na 1.3, 2012: an ƙara ma'aunin gudu. Wannan zubin ne ya fi samun karɓuwa.
• Zubi na 1.4, 2013: an ƙara korar dokoki idan jadawali ya cika, da aika dokoki a dunƙule.
• Zubi na 1.5, ƙarshen 2014: an ƙara jadawalai a ɓangaren fita.

Yadda tsarin yake

Ana kasa SDN gida uku. A ƙasa akwai sashen tura bayanai, wato suwic-suwic, ko na ƙarfe ne ko na manhaja irin Open vSwitch. A tsakiya akwai kwanturola. A sama kuma akwai manhajojin aiki, waɗanda ke faɗa wa kwanturola abin da ake so, kamar tace masu shiga, raba nauyi tsakanin layuka ko zaɓen hanya mafi kusa. Masana suna kiran mahaɗar da ke tsakanin kwanturola da suwic mahaɗar kudu, wadda ke tsakaninta da manhajojin aiki kuma mahaɗar arewa, saboda yadda ake zana su a takarda.

Wanda ya san tsarin masarautu kamar ta Daura zai gane fasalin cikin sauƙi. Dagaci da mai unguwa suna warware al'amuran yau da kullum bisa umarnin da suke da shi a hannu, ba sai sun je fada kowace safiya ba. Sai al'amari ya zo wanda babu umarni a kansa ake kai shi gaba. Haka suwic yake: abin da jadawalinsa ya tanada yana zartar da shi nan take, abin da bai tanada ba ya miƙa wa kwanturola.

Jadawalin kwarara

Bayanai suna tafiya a hanyar sadarwa a ƙunshi-ƙunshi, kuma kowane ƙunshi yana ɗauke da kai mai nuna daga inda ya fito, inda za shi da irin abin da ke cikinsa. Kwarara ita ce jerin ƙunshin da suka yi tarayya a wasu siffofi, misali duk waɗanda suka fito daga kwamfuta ɗaya zuwa shafin intanet ɗaya. Kowace doka a jadawalin kwarara tana da waɗannan sassa:

• Filayen dubawa: ƙofar da ƙunshi ya shigo, adireshin MAC, lambar VLAN, adireshin IP na mai aikawa da na mai karɓa, lambar TCP ko UDP da sauransu. Ana iya barin fili a buɗe domin ya dace da kowa.
• Fifiko: lamba daga 0 zuwa 65,535. Idan ƙunshi ya dace da doka fiye da ɗaya, mai lamba mafi girma ce ke aiki.
• Umarni: a fitar da ƙunshin ta wata ƙofa, a canza wani abu a kansa, a wuce da shi jadawali na gaba, a miƙa shi ga kwanturola, ko a jefar da shi.
• Ƙidaya: adadin ƙunshi da yawan bayanan da suka bi ta dokar, da tsawon lokacin da ta yi.
• Wa'adi: lokacin da dokar za ta gushe.
• Lambar shaida da kwanturola ke maƙala wa dokar domin ta gane ta idan za ta gyara ko ta goge ta.

Akwai kuma dokar ƙarshe mai fifiko 0 wadda ba ta tace komai, ita ce ke faɗin abin da za a yi da ƙunshin da bai dace da kowace doka ba. Daga zubi na 1.3, idan ba a sa wannan doka ba, suwic yana jefar da irin wannan ƙunshi ne kawai. Wannan yana daga cikin abubuwan da ke rikita masu koyo, domin suwic zai nuna yana haɗe da kwanturola amma babu saƙon da ke wucewa.

Misali

A ɗauka wata makarantar gaba da sakandare ce a Daura, tana da kwamfutocin ofis a adireshin 10.1.0.0/16, na ɗalibai a 10.2.0.0/16, da kuma sabar ajiye sakamakon jarrabawa a 10.1.0.5 wadda ke haɗe da ƙofa ta 4. Layin intanet yana ƙofa ta 1. Kwanturola za ta iya sa wa suwic waɗannan dokoki:

• Fifiko 300: duk abin da ya fito daga 10.2.0.0/16 zuwa 10.1.0.5, a jefar.
• Fifiko 200: duk abin da za shi 10.1.0.5, a fitar ta ƙofa ta 4.
• Fifiko 100: duk abin da ya fito daga 10.2.0.0/16, a bi da shi ta ma'aunin gudu, a fitar ta ƙofa ta 1.
• Fifiko 0: a miƙa wa kwanturola.

Idan ɗalibi ya nemi shiga sabar jarrabawa, ƙunshinsa ya dace da dokoki uku na farko baki ɗaya, amma ta fifiko 300 ce za ta yi aiki, sai a jefar da shi. Da mai rubutawa zai yi kuskure ya musanya lambobin doka ta farko da ta biyu, da kowane ɗalibi ya samu hanyar kaiwa ga sabar, kuma suwic ba zai nuna wata alamar matsala ba, tunda abin da aka umarce shi ya yi. Haka kuma idan dokoki biyu masu fifiko iri ɗaya suka dace da ƙunshi guda, ƙa'idar ba ta tantance wadda za a zaɓa ba. Saboda haka aka tanadi wata alama da kwanturola ke iya sawa domin suwic ya ƙi karɓar sabuwar doka idan ta ci karo da wata mai fifiko ɗaya da ita.

Jadawalai masu yawa, rukuni da ma'auni

Jadawali guda yana saurin kumbura. Idan ana so a tace masu aikawa 100 sannan a zaɓa wa saƙonsu hanya zuwa wurare 100, haɗa su a jadawali ɗaya na iya kai wa dokoki 10,000. Idan aka raba aikin biyu, jadawali na farko ya yi tacewa, na biyu ya zaɓi hanya, dokoki 200 sun wadatar. Ƙunshi yana farawa daga jadawali na 0, kuma gaba kawai ake iya tura shi, zuwa jadawali mai lamba mafi girma, domin kada ya yi ta zagaye.

Jadawalin rukuni yana ba da damar abin da doka ɗaya ba za ta iya ba: aika kwafin ƙunshi ta ƙofofi da yawa, raba nauyi tsakanin layuka, ko sauya ƙofa da zarar layin farko ya yanke ba tare da jiran kwanturola ba. Ma'aunin gudu kuma yana taƙaita yawan bayanan da wata kwarara za ta iya ci a daƙiƙa ɗaya, kamar yadda aka yi wa ɗalibai a misalin sama domin kada saukar da bidiyo ya danne aikin ofis.

Saƙonni tsakanin suwic da kwanturola

Suwic yana haɗuwa da kwanturola ta TCP, a lamba 6653 da hukumar IANA ta ware, ko da yake tsofaffin manhajoji suna amfani da 6633. Bayan gaisuwar farko, inda suke daidaitawa kan zubin da za su yi magana da shi, kwanturola tana tambayar suwic lambar shaidarsa da abin da yake iyawa. Manyan saƙonnin da ke biyo baya su ne:

• Packet-In: suwic ya miƙa ƙunshi ga kwanturola.
• Flow-Mod: kwanturola ta ƙara doka, ta gyara ko ta goge.
• Packet-Out: kwanturola ta umarci suwic ya fitar da wani ƙunshi.
• Flow-Removed: suwic ya sanar cewa wata doka ta gushe.
• Port-Status: suwic ya sanar cewa wata ƙofa ta mutu ko ta dawo.
• Barrier: kwanturola ta nemi a kammala duk umarnin baya kafin a taɓa na gaba.
• Echo: kowane ɓangare ya tabbatar ɗan'uwansa yana nan.

Domin ta san yadda na'urorin suke haɗe da juna, kwanturola takan sa kowane suwic ya fitar da ƙunshin LLDP ta ƙofofinsa. Suwic ɗin da ya karɓa a ɗaya gefen zai dawo mata da shi, da haka take zana taswirar hanyar sadarwar.

Hanyoyin sa dokoki

Hanya ta farko ita ce a jira sai buƙata ta taso. Ƙunshin farko na sabuwar kwarara yana zuwa wurin kwanturola, ta yanke shawara, ta sa doka, sauran ƙunshin su bi dokar. Wannan yana ba da iko sosai kan kowace kwarara, amma yana jawo jinkiri a farkon kowace haɗuwa, kuma kwanturola na iya gajiya idan buƙatu suka yi yawa. Hanya ta biyu ita ce a sa dokoki tun kafin bayanai su fara zuwa. Babu jinkiri a nan, kuma aiki yana ci gaba ko da kwanturola ta ɓace na ɗan lokaci, sai dai dokokin sukan zama masu faɗi, ba sa bambance mutum da mutum. Manyan hanyoyin sadarwa sun fi dogara da hanya ta biyu, suna barin ta farko ga abubuwa ƙalilan kamar shigowar sabuwar na'ura.

Wa'adi da cikar jadawali

Suwic na ƙarfe yakan adana dokoki masu buɗaɗɗun filaye a wata ma'adana ta musamman mai suna TCAM, wadda ke duba dukan dokokin a lokaci guda. Tana da sauri, amma tana da tsada, tana cin wuta, kuma a na'urori da yawa dokoki dubbai kaɗan take ɗauka. Don haka wurin ajiye doka abu ne da ake tattalinsa.

Wa'adi iri biyu ne, kuma da daƙiƙa ake auna su. Wa'adin zaman banza yana goge doka idan ta yi wani lokaci babu ƙunshin da ya bi ta kanta. Wa'adin dole kuma yana goge ta idan lokacinta ya cika, ko ana amfani da ita ko ba a yi. Idan duka biyun suna kan 0, dokar tana nan har sai an goge ta da gangan. Gajeren wa'adi yana sa suwic ya yi ta komawa wurin kwanturola kan kwarara ɗaya, dogon wa'adi kuma yana cika jadawali da matattun dokoki. Sauran dabarun sun haɗa da dunƙule dokoki masu kama da juna su zama ɗaya, da barin suwic ya kori doka mafi ƙarancin muhimmanci, da sa shi ya yi gargaɗi idan wurin da ya rage ya yi ƙasa da wani mizani.

Sauya dokoki ba tare da ɓarna ba

Idan za a karkatar da kwarara daga wata hanya zuwa wata, dole a taɓa suwic fiye da ɗaya, kuma umarnin ba ya isa gare su a lokaci guda. A ɗan tsakanin nan ƙunshi na iya faɗawa inda babu doka ya ɓace, ko ya yi ta kai da kawowa tsakanin na'urori biyu. Dabarar da aka saba ita ce a fara sa dokoki daga ƙarshen sabuwar hanya a dawo baya, a tabbatar sun zauna ta hanyar saƙon Barrier, sannan a sauya suwic na farko, a ƙarshe a goge tsofaffin dokoki. A 2012 Mark Reitblatt da abokan aikinsa na jami'o'in Cornell da Princeton sun gabatar da wata hanya ta maƙala wa kowane ƙunshi lambar zubi tun daga mashiga, ta yadda zai bi tsofaffin dokoki zalla ko sababbi zalla, ba gauraye ba.

Kwanturola

Daga cikin kwanturolocin da kowa ke iya saukewa kyauta akwai POX da Ryu, waɗanda aka rubuta da harshen Python kuma aka fi amfani da su wajen koyarwa. Kamfanin NTT na Japan ne ya fara Ryu. Akwai Floodlight da aka rubuta da Java, da OpenDaylight wadda gidauniyar Linux ta ƙaddamar a 2013, da ONOS wadda ta fito a ƙarshen 2014 domin kamfanonin sadarwa, da Faucet wadda ta samo asali a ƙasar New Zealand.

Ko da yake ana cewa kwanturola ɗaya ce a tsakiya, a aikace akan haɗa kwamfutoci da dama su yi aikin tare, domin mutuwar guda kada ta tsayar da komai. Akan zaɓi adadi mara, kamar 3 ko 5, saboda a samu rinjaye idan suka rabu. OpenFlow ta tanadi matsayi uku: shugaba mai cikakken iko, mataimakiya mai karanta bayanai kawai har sai an ɗaga ta, da kuma matsayin daidaito inda kowacce ke da cikakken iko. Idan suwic ya rasa duka kwanturolocinsa, yana shiga ɗayan hali biyu: ya ci gaba da dokokin da ke hannunsa har wa'adinsu ya cika, ko ya koma aiki irin na suwic na gargajiya.

Wurin da aka ajiye kwanturola ma yana da tasiri, batun da Brandon Heller, Rob Sherwood da Nick McKeown suka yi nazari a kai a 2012. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200 a cikin wayar faiba a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Suwic da ke Daura wanda kwanturolarsa ke Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, zai jira aƙalla kashi 10 cikin dubu na daƙiƙa kafin amsa ta je ta dawo. Idan tana Katsina ko Kano, jiran ba zai kai kashi ɗaya bisa biyar na wannan ba. Abin da ya fi jinkirin muhimmanci shi ne yawan wuraren da doguwar waya za ta iya yankewa a hanya.

Tsaro

Duk wanda ya mallaki kwanturola ya mallaki hanyar sadarwar baki ɗaya, don haka ana ware mata layi na daban, a kuma rufe maganarta da suwic da tsarin ɓoye saƙo na TLS. Ƙa'idar ba ta wajabta TLS ba, kuma barin sa a kashe yana ba mai kutse damar yin shigar burtu a matsayin kwanturola. Wani harin kuma shi ne a yi ta aiko da ƙunshi masu adireshin bogi, kowanne ya zama sabuwar kwarara, har jadawali ya cika kwanturola kuma ta kasa amsawa. Ana rage wannan ta hanyar taƙaita yawan saƙon Packet-In da kuma sa dokoki tun da wuri.

Inda ake amfani da shi

Misalin da ya fi shahara shi ne B4, hanyar da ke haɗa cibiyoyin adana bayanai na Google a nahiyoyi daban-daban. Kamfanin ya bayyana shi a 2012, ya kuma wallafa cikakken bayani a 2013, inda ya nuna cewa yana cika wasu layukansa kusan ɗari bisa ɗari, alhali a al'ada kashi 30 zuwa 40 ake amfani da shi domin a bar sarari. Microsoft ya gabatar da irin wannan tsari mai suna SWAN a 2013. Open vSwitch, wanda ya shiga cikin ƙwayar Linux a 2012, yana aiki a cibiyoyin adana bayanai masu yawa. Daga 2014 harshen P4 ya ƙara faɗaɗa tunanin, inda mai shirya manhaja ke tsara wa suwic irin filayen da zai duba da kansa.

Dangantaka da Najeriya

Yawancin wayoyin ƙarƙashin teku da ke kawo wa Najeriya intanet, kamar SAT-3, MainOne, Glo-1 da WACS, a Legas suke sauka, daga nan faiba ta ɗauko bayanai zuwa Arewa. A ranar 14 ga Maris 2024 wasu daga cikin waɗannan wayoyi suka lalace a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, kamfanoni suka koma neman wasu hanyoyin da za su karkatar da bayanai. Karkatar da kwarara cikin gaggawa da zaɓen abin da za a fifita idan layi ya ƙuntata suna daga cikin matsalolin da aka ƙirƙiro SDN domin su.

Cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, tana da reshe a Kano, kuma tun 2014 aka ƙaddamar da NgREN domin haɗa jami'o'in ƙasar, inda aka fara da jami'o'in tarayya 27. A garin Daura akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Ɗalibin da ke son koyon wannan fanni a irin waɗannan makarantu ba ya buƙatar sayen na'ura: manhajar Mininet, wadda aka fitar a Stanford a 2010, tana ƙirƙiro suwic-suwic da kwamfutoci na kwaikwayo a cikin kwamfutar tafi-da-gidanka guda mai Linux. Ana iya haɗa ta da Ryu ko POX, a duba jadawalin kwarara da umarnin ovs-ofctl, a ga dokoki suna shiga suna gushewa.

Duba kuma

• Intanet
• Adireshin IP
• Wayar faiba
• Tsaron intanet
• Linux